Sanda ko Ƙafa: Gardamar Masu Jiragen Ruwa na Gudu



Yau zancenmu na kimiyya zai kai mu bakin ruwa. Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu ƙananan jiragen ruwan nan na gudu, irin waɗanda a ke tsere da su, ko mawadata su saya don shan iska. Ba a kan inji su ke gardamar ba, gama ko wanensu ya yarda da inji irin na mota, a girke shi cikin jirgi. Abin da ya raba su shi ne hanyar da za a bi a kai ƙarfin injin ga farfela, watau fankar nan da ke juyawa cikin ruwa tana tura jirgi gaba. Ni ma ina da ra'ayi cikin maganar, zan kuwa faɗe shi, amma sai na kwatanta muku hanyoyin tukuna, tun da ya ke rediyo ba ta nuna hoto.

Tsohon shiri shi ne a ajiye inji a tsakiyar jirgi, a haɗa shi da doguwar sandar ƙarfe wadda za ta huda ƙasan jirgin ta gangara baya, a ɗaura farfela a bakinta. Shirin ba shi da wuyar ganewa, aibinsa ɗaya, jirgin gudu ba ya son nauyi a tsakiya, a baya ya ke sonsa. Sai maƙera suka yi dabara. Suka mai da inji can baya, suka juya shi, wajen da ƙarfinsa ke fita ya dubi goshin jirgi. Wata gajeriyar sanda ta ɗauki ƙarfin ta kai shi gaba, ga wani akwatin giya, daga nan doguwar sanda ta karɓa ta komo baya, ta bi ta ƙarƙashin injin, ta fita cikin ruwa. In kuka buɗe yatsunku biyu, manuni da na tsakiya, kuka kwantar da hannun, to, kun ga siffar sandunan nan, akwatin giya yana wurin da yatsun suka haɗu. Siffar ta yi kama da harafin V, wanda ba mu da shi cikin bakaƙen Hausa, da sunansa kuwa a ke kiran shirin. Mu ma sai mu ce masa shirin V. Farfelarsa a ƙarƙashin jirgi ta ke, ba ta duban ko'ina sai inda aka kafa ta. Juya jirgi aikin wani allon ƙarfe ne da ke bayanta, kamar yadda mai kwalekwale ya kan tsoma filafili a baya ya karkata shi.

Shiri na biyu ba zai ba da yawa daga cikinku mamaki ba. Duk wanda ya taɓa shiga kwalekwale mai inji a Kwara ko Binuwai ko Tabkin Cadi ya san injin nan da a ke ratayawa a baya, mai doguwar ƙafa cikin ruwa. To, ku ɗauki ƙafar nan kaɗai, ku ƙara mata girma, ku kafa ta a bangon baya na jirgi daga waje, sa'an nan ku sa babban injin mota daga ciki, jikin bangon. Ƙarfi ya huda bango, ya yi kwana ya sauka cikin ƙafar, ya sake kwana ya isa ga farfela. A tsakani akwai wata gwiwa ta ƙarfe wadda ke barin ƙafar ta waiwaya dama da hagu, ta kuma yi sama ko ƙasa, alhali inji yana ta aiki. Wannan shi za mu kira shirin ƙafa.

Labarin asalinsa yana da ban sha'awa. An sha gwada irinsa tun kafin yaƙin duniya na biyu, bai karɓu ba. Cikin 1948 wani ɗalibin aikin injiniya a Amurka, Charles Strang, ya zana siffar da muka sani yanzu. Daga baya ya kama aiki wurin Carl Kiekhaefer, mai kamfanin injunan Mercury, ya nuna masa, maigidan ya yi watsi da abin. Wani abokin aikinsa, Jim Wynne, ya bar kamfanin, ya ƙera na gwaji, ya yi rajistar dabarar da sunansa, ya kai wa kamfanin Volvo Penta na Suwidin. Cikin 1959 aka nuna shi a bikin nunin jiragen ruwa na Niyok da sunan Aquamatic, mutane suka yi caa a kansa. Kiekhaefer ya farga, cikin 1961 ya fito da nasa, MerCruiser. Sai bayan shekaru wajen 30 duniya ta ji hannun Strang cikin al'amarin.

Yanzu fa mu zo ga kimiyyar abin. Ruwa ya fi iska nauyi wajen sau 800. Har wa yau, in ka ninka gudun abu sau 2 cikin ruwa, turjiyar da ruwan zai yi masa ba sau 2 za ta ƙaru ba, wajen sau 4 ne. Saboda haka jirgin gudu ba ya ƙoƙarin keta ruwa kamar jirgin kaya, hawa kansa ya ke yi. Kun tuna yadda yara su kan jefa tsingaro a kwance bisa tabki, ya yi ta tsalle bai nutse ba? Muddin yana da sauri, goshinsa kuma ya ɗan ɗago, ruwa zai tallafe shi. Haka jirgin ya ke. Amma ɗagowar goshin tana da ma'auni. In ta yi kaɗan, ƙasan jirgi duka ya kwanta cikin ruwa, ruwa ya riƙe shi. In ta yi yawa, gindin jirgi ya nutse yana jan ruwa kamar garma. Wani masani a Amurka, Daniel Savitsky, ya buga lissafin wannan cikin 1964, maƙeran jirage suna aiki da shi har yau, abin da ya fito kuwa shi ne, ga galibin jiragen nan, ɗagowar da ta fi kyau ba ta da nisa da digiri 4. Kusurwar ɗaki digiri 90 ce, ku dubi ƙanƙantar 4. A cikin wannan ɗan tsukin ne gardamar duka ta ke.

Masu kushe shirin V su kan ce, tun da sandarsa a karkace ta ke, tana duban ƙasa, ƙarfin inji ɓata ya ke yi. Na zauna na yi lissafin, ban ga maganar ta yi nauyin da a ke ba ta ba. A ce karkatar sandar digiri 10 ce, ba kuwa ta cika nisa da haka ba. Mutum in ya yi taki 100 bisa gangare mai digiri 10, ya ci gaba da taki 98 da rabi, ya kuma hau sama da kimanin taki 17. Haka turin farfela ya ke rabuwa. Abin da aka rasa wajen tura jirgi gaba bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Wannan ba hasara ce da za a ta da jijiyar wuya a kanta ba. Abin dubawa shi ne 17 ɗin nan da ke turawa sama. Yana ɗaga gindin jirgi, yana danne goshinsa, kuma haka zai yi ta yi, ko ruwa ya kwanta ko ya tashi, ko jirgi fanko ne ko cike da mutane, domin ranar da maƙeri ya huda ramin sandar nan ya yanke hukunci, matuƙi ba shi da ɗaukaka ƙara. Ban da wannan, sanda da maƙalin da ke riƙe ta da allon juyawa duka suna cikin ruwa, ko wanne yana karɓar nasa rabon turjiya.

Mai shirin ƙafa kuwa yana da wani ɗan maɓalli kusa da babban yatsansa. Gani ya kori ji. Wata rana da bazara wani Bature mai irin jirgin nan ya ɗauke ni cikin mashigin ruwan da ke tsakanin tsibirin Wight da gaɓar Ingila ta kudu. Da za mu tashi ya tanƙwasa ƙafar ta shige ƙarƙashin jirgi, turin farfela ya ɗaga gindin, nan da nan muka hau kan ruwa. Da gudu ya kankama sai ya ce in sa ido ga allurar gudu, in kuma lura ba zai taɓa totur ba. Ya danna maɓallin, ƙafar ta ɗan ja baya. Na ji goshin jirgi ya ɗago, feshin ruwan da ke fita ta gefe ya koma can baya, kukan inji ya sake, allura ta yi ta hawa ita kaɗai. Ba a ƙara wa inji ko ɗigon mai ba, jirgin ne kawai ya zare jikinsa daga ruwa. Da muka juyo muka fuskanci iska, raƙuman ruwa suka fara dukanmu, ya mai da ƙafar ciki, goshin ya sauka ya riƙa yanka su, haƙoranmu suka huta.

A ganina wannan maɓalli shi ya raba gardama ga yawancin mutane. Teku ba ta zama iri ɗaya sa'a biyu a jere. Mai yana ƙarewa cikin tanki nauyi yana sakewa, mutum ya tashi daga baya ya koma gaba, iska ta juya. Jirgin da matuƙinsa ke iya neman digiri 4 ɗin nan ko wane lokaci ya fi wanda aka daidaita sau ɗaya a maƙera. Masu shirin V za su ce ai su ma suna da faranta na ƙarfe a gindin jirgi, waɗanda a ke dannawa ƙasa don gyara zamansa. Gaskiya ne, amma farantan nan saukar da goshi su ke yi, ba su ɗaga shi, ko wane dannawa kuma birki ne.

Sai dai maɓallin nan ba ya gafarta wa marar hankali. In aka ja ƙafar baya fiye da kima, jirgi ya kan shiga sukuwa, goshi ya tashi ya faɗi, ya tashi ya faɗi, wani lokaci kuma ya riƙa tangaɗi daga gefe zuwa gefe. A gudun mil 70 cikin sa'a guda wannan yana iya watsar da mutane cikin ruwa, ruwa kuwa a irin wannan gudu ba shi da taushi.

Akwai kuma maganar juyawa. Allon juyawa ba ya aiki sai ruwa yana gudu a jikinsa, saboda haka jirgin shirin V mai farfela ɗaya, in ya zo shiga matsaya a hankali, ko zai ja da baya, sai ya zama kamar jaki mai taurin kai, gindinsa ya riƙa zamewa gefe guda. Ƙafa kuwa turin kansa ta ke juyawa, inda ta duba nan jirgi zai bi. In ruwa ya yi ƙaranci a ɗage ta sama. Wanda ya san Tabkin Volta a Gana, inda kututturan itatuwan da ruwa ya cinye bayan gina madatsar Akosombo cikin 1965 ke ɓoye ƙarƙashin ruwa, ya san abin da ya sa ba a son sandar da ba ta ɗaguwa. In ta daki kututture ta lanƙwashe, wani lokaci ma maƙalinta ya fasa ƙasan jirgin.

To, kada ku ce na yi wa shirin V rashin adalci. Yana da wurin da babu mai ja da shi. Ƙarfin da ke bi ta ƙafa sai ya ratsa gwiwa, ya yi kwana biyu, ko wace kwana kuwa haƙoran giya ne ke cizon juna, wani abu ya ɓace ya zama zafi. Mafi muni, giyar ƙasa tana cikin ɗan ƙoƙon da ke gaban farfela, ba dama a ƙara masa girma, domin in ya yi ƙiba ruwa zai riƙe shi. Watau an ɗora kayan raƙumi a kan haƙoran da ba su fi tafin hannu ba. Cikin tseren teku jirgi ya kan yi tsalle ya bar ruwa ɗungum, farfela ta sami kanta cikin iska, inji ya yi ihu, sa'an nan ta faɗa ruwa ta cije gaba ɗaya. Wannan duka a kan giyar nan ya ke ƙarewa. Shi ya sa manyan jiragen tseren teku su ke ɗaukar mutum biyu, ɗaya ga sitiyari, ɗaya ba shi da aiki sai totur, ya janye in sun tashi, ya mayar in sun sauka. Akwatin giyar shirin V kuwa a cikin jirgi ya ke, a bushe, maƙeri ya yi shi yadda ya ga dama, makaniki ya buɗe shi ya sake giya don farfela ta fi inji saurin juyawa.

Saboda haka a tafkunan Kalifoniya da sauran yammacin Amurka, inda a ke tseren ɗan gajeren zango bisa ruwa kwantacce, jirage biyu su tashi tare su miƙe, shirin V ne sarki tun shekarun 1950 da 1960. Mafiya ƙarfi cikinsu a yau, masu injin da ke ba da ƙarfin doki dubbai, sun wuce mil 250 cikin sa'a guda, suna kuwa aiki da wani ɗan'uwan shirin V ne, wanda ke raba ƙarfin ga farfela biyu. Tseren nan daƙiƙa kaɗan ne, ba kwana, ba raƙuman ruwa, ba abin da zai sake a hanya. A nan hukuncin da maƙeri ya yanke ya isa.

Wuri na biyu shi ne jiragen da ke jan masu wasan zamiya bisa ruwa. Waɗansu masu wasan su kan bi raƙumin ruwan da jirgi ya tayar, ƙafa kaɗan daga gindinsa. Farfelar da ke leƙe a bayan jirgi wuƙa ce ga irin wannan mutum in ya faɗi. Ta shirin V tana can ƙarƙashi. Kamfanin Volvo Penta da kansa ya yarda da wannan, gama cikin 2015 ya fito da ƙafa wadda farfelunta ke duban gaba, suna ɓoye ƙarƙashin jirgi.

Masu ƙafa ba su zauna ba su ma. Tun 1950 aka tabbatar farfela ba ta bukatar nutsewa duka. A shekarar nan jirgin Stanley Sayres mai suna Slo-mo-shun IV ya yi mil 160 cikin sa'a guda a tabkin da ke gefen birnin Seattle, rabin farfelarsa a waje, yana watsa ruwa sama kamar wutsiyar zakara. Da aka gane haka sai aka riƙa ɗaga ƙafar sama jikin bango, don abin da ke cikin ruwa ya ragu. Wajen 1980 Howard Arneson ya fito da wani shiri tsaka-tsaki, sanda miƙaƙƙiya ta fito ta bangon baya, ba kwana biyu, amma tana da gwiwa, tana juyawa tana ɗaguwa. Cikin 2010 kuma Mercury suka fito da inji mai ƙarfin doki 1,350 tare da ƙafar da aka ƙera don ɗaukarsa. Ashe ƙafa tana iya ɗaukar kaya, in mai ita yana da abin biya.

Abin biyan nan shi ne babban aibinta, ba kuwa ranar saye kaɗai ba. Ƙafar da alminiyam a ke yinta, ga farfela ta baƙin ƙarfe marar tsatsa. In ƙarfe iri biyu suka zauna tare cikin ruwan gishiri sai su zama kamar batir, ɗaya ya riƙa cin ɗaya, alminiyam kuwa shi a ke ci. Maganinsa a ɗaura 'yan guntayen tutiya, ruwa ya cinye su maimakon ƙafar, a riƙa sake su. Sa'an nan gwiwar nan tana cikin wata rigar roba mai ninki kamar zugazugin maƙeri, ita ke hana teku shiga ta ramin bango. Roba tana tsufa. Na taɓa gani da idona a wata matsayar jirage a kudancin Ingila, wani kyakkyawan jirgi ya kwana a ɗaure ya wayi gari gindinsa a nutse, inji cike da ruwan gishiri, ba hadari, ba karo. Ma'aikatan wurin suka ce mini rigar robar ce ta tsage, tsagar da ba ta fi tsawon yatsa ba. Shirin V ma yana da nasa ramin inda sanda ke fita, ya kan yi ɗigo in ba a kula ba, ga shi kuwa a ƙarƙashin inji inda hannu ba ya kaiwa sai da wahala. Amma jirgin da zai shekara cikin ruwan gishiri ba a fid da shi, sanda ta fi ƙafa haƙuri nesa ba kusa ba.

In wani ya tambaye ni, sai in fara tambayarsa ruwan da zai shiga. In tabki ne kwantacce, burinsa kuwa ya tashi kamar harsashi ya tsaya, ko ya ja 'ya'yansa suna wasa a baya, ya nemi shirin V, kada ya saurari kowa. In kuwa teku ce, ko babban kogi mai iska da yashi, yana son gudu na sa'o'i, to, ƙafa na ke ba shi shawara, da sharaɗi biyu: ya riƙa fid da jirgin daga ruwa, a duba robar nan da tutiyar ko wace shekara, ya kuma koyi maɓallin a hankali, da ƙaramin gudu, kafin ya ɗauki ran wani. Tseren teku da Sir Max Aitken ya kafa cikin 1961, daga Cowes zuwa Torquay, wanda Tommy Sopwith ya fara cinyewa da gudun kimanin mil 25 cikin sa'a guda, yau jiragensa su kan ninka wannan sau 3 har fiye. Injuna sun ƙaru ƙwarai, ba shakka, amma ina ganin ba ƙaramin rabo ba ne na matuƙin da aka ba ikon sake wa turinsa alƙibla yana cikin gudu.

Wani abin dariya shi ne, suna cikin gardamar nan wani na uku ya shigo kasuwa yana kwashe musu masu saye, ba kowa ba ne kuwa sai injin ratayawar nan na kwalekwale. Ya girma har cikin 2021 Mercury suka fito da mai ƙarfin doki 600, a kan jera uku ko huɗu a bayan jirgi guda. Shi za mu duba mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.